Agogon Nutso Mai Wana Kansa: Inda Seiko SKX007 Ya Kashe Kuɗi da Inda Ya Yi Tsimi

A shekarar 2019 kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya daina ƙera wani agogon hannu mai lamba SKX007, bayan ya yi shekara 23 a kasuwa. Agogo ne na masu nutso a teku: baƙar fuska, manyan ɗigogi masu haske a duhu, zobe mai juyawa a kewayen gilashi. Babu batir a cikinsa, motsin hannun mai shi ne ke yi masa wani. Lokacin da ake ƙera shi ana samunsa a wajen dala 200, wani sa'in ma ƙasa da haka.

Duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san aibobinsa. Sarƙarsa kwaram-kwaram take yi. Yakan yi gaba ko baya da sakan ashirin a rana, ko fiye. Gilashinsa yana karcewa. A wasu ma layukan mintin da ke gefen fuskar ba sa zama daidai da ɗigogin awa, sai ka ga sun ɗan karkace. Amma har yau idan masu harkar agogo suka tsunduma gardama kan agogon nutso mai sauƙin kuɗi, da shi suke auna sauran. To yaya aka yi agogo mai wannan tarin aibi ya zama ma'auni?

A ganina amsar tana cikin yadda aka kasafta kuɗin ƙera shi. Injiniyoyin Seiko sun zuba kuɗi a wuraren da idan suka gaza mutum zai iya halaka a ƙarƙashin ruwa, suka yi tsimi a wuraren da idan suka gaza iyakarta mai agogo ya yi tsaki. Sai an san aikin da aka yi agogon dominsa sannan za a gane wannan kasafin.

Me mai nutso yake yi da agogo?

A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka ƙirƙiro na'urar da ke ba mutum damar shaƙar iska daga tukunyar da ya goya a bayansa, ba tare da an haɗa shi da jirgi ta hanyar tiyo ba. Daga nan mai nutso ya samu 'yancin yawo a ƙarƙashin ruwa, amma kuma babu wanda zai ja masa igiya daga sama ya ce lokaci ya yi. Shi zai lura da kansa.

Haɗari biyu ke jiransa. Na farko iskar tukunya ta ƙare. Na biyu ya fi wayo. Duk mita goma da mutum ya ƙara yin ƙasa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. A cikin wannan matsi iskar naitirojin da yake shaƙa tana narkewa cikin jininsa da namansa, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon yawanta. Idan ya daɗe sannan ya taso da sauri, sai ta zama kumfa a cikin jijiyoyi da gaɓoɓi, ta jawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Masu karatu a Najeriya za su tuna Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar tekun ƙasar a watan Mayun 2013. Ya rayu kimanin awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin kusan mita 30. Da masu nutso suka same shi ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, sai da ya yi sama da kwana biyu a ɗakin da ake rage matsi sannu a hankali, don jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin.

Saboda haka sojojin ruwa suka tsara jadawalin da ke nuna minti nawa mutum zai iya yi a kowane zurfi. Jadawali kuwa ba ya aiki sai da agogo. A 1953 kamfanin Blancpain na Suwizalan ya fito da Fifty Fathoms, mai jure zurfin mita 91, bayan wasu hafsoshin sojan Faransa, Bob Maloubier da Claude Riffaud, sun nemi agogon da zai dace da aikin dakarunsu. Shugaban kamfanin, Jean-Jacques Fiechter, shi kansa mai nutso ne. A wannan shekarar dai Rolex ya ƙera Submariner mai mita 100. Seiko ya shigo fagen a 1965 da agogo mai mita 150. Kusan duk abin da ke jikin SKX007 daga waɗannan ya gada.

Ɗauki zoben nan mai juyawa, wanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne. Kafin mai nutso ya shiga ruwa, sai ya juya zoben har ɗan alamar nan mai kusurwa uku ta tsaya daidai bakin dogon hannun agogon. Shi ke nan, ba sai ya riƙe a ka cewa ƙarfe goma da minti goma sha biyu ya shiga ba. Duk lokacin da ya duba, lambar da dogon hannu ke nunawa a jikin zoben ita ce mintin da ya yi a ruwa. Ga kuma dabarar da ta fi burge ni: zoben SKX007 ta hagu kawai yake juyawa, akasin tafiyar hannun agogo. A ƙarƙashinsa akwai siririn sifirin da ke shiga haƙora, yana ƙas-ƙas sau 120 a zagaye ɗaya, ya bar shi ya tafi gefe guda ya hana shi komawa. Idan zoben ya bugi dutse ko gefen jirgi ya goce, zai nuna wa mai nutso ya fi daɗewa fiye da yadda ya yi, sai ya fito da wuri. Kuskuren da zai sa ya ƙara zama ba zai taɓa faruwa ba. Submariner na farko-farko zobensa ta ko'ina yake juyawa, daga baya aka gyara.

Rubutun da ke ƙasan fuska

A fuskar SKX007, ƙasa da tsakiya, an rubuta DIVER'S 200m da ja mai ruwan lemo. Wannan rubutu ba ɗaya yake da "mita 30" ko "mita 50" da ake gani a bayan agogunan kwalliya ba. Waɗancan, kamfanonin da kansu sukan rubuta a takardar bayani cewa mita 30 ta wanke hannu ce da yayyafi. Agogon da ya ɗauki rubutun DIVER'S kuwa yana iƙirarin ya cika sharuɗɗan ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6425.

Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. Dole agogo ya jure aƙalla mita 100, kuma a gwada shi cikin ruwa a matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, wato mai mita 200 sai ya sha matsin mita 250. Wannan gwajin kowane agogo ɗaya-ɗaya ake yi wa, ba a ɗebo 'yan kaɗan a yanke hukunci kan sauran. Akwai kuma gwaje-gwajen da ake yi wa samfuri. Ana jiƙa shi awa 24 a ruwa mai gishiri giram 30 a kowace lita, a duba tsatsa. Ana tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 40, a cire a jefa a mai digiri 5, a sake mayar da shi mai zafi, minti goma-goma. Ana bugunsa sau biyu da guduma mai nauyin kilo uku, sau ɗaya a gefe sau ɗaya a fuska. Ana sa shi cikin maganaɗisu. Ana jan maɗaurinsa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo ashirin. Kuma dole a iya karanta lokaci a duhu ƙirin daga nisan santimita 25.

Yadda ake gane ko ruwa ya shiga shi ne ya fi sauƙi a duk cikinsu. Bayan an fito da agogo daga tankin matsi, sai a ɗora shi a kan faranti mai ɗumi har ya kai digiri 40 zuwa 45. Sai a ɗiga masa ɗigon ruwa mai sanyi a kan gilashi, a jira kamar minti ɗaya, a goge. Idan akwai ko da ɗan danshi a ciki, zafin ya riga ya mayar da shi tururi, sanyin ɗigon kuma zai tara shi ya zama hazo a cikin gilashin daidai wurin. An ga hazo, agogo ya faɗi.

Sai dai a lura, hukumar ISO ba ta gwada agogon kowa. Ƙa'ida ta rubuta, kamfani ne ke gwada kayansa ko ya kai ɗakin gwaji. Ƙimar rubutun tana tafiya da ƙimar wanda ya rubuta shi. Rolex ma ba ya sa wannan rubutu, yana da nasa gwajin. Mai buga jabu kuwa babu abin da zai hana shi rubuta mita 1000 a kan gwangwani.

Wani zai ce, wa ke zuwa mita 200? Kusan babu. Masu nutso na nishaɗi iyakarsu mita 40, sababbin shiga mita 18. Ahmed Gabr ɗan Masar da ya kafa tarihi a Dahab, a Bahar Maliya, a 2014, mita 332 ya kai, kuma fitowarsa ta ɗauke shi fiye da awa 12. Rarar da ke tsakanin mita 40 da 200 tanadi ne saboda tsufan roba, da bugu, da shekarun da agogon zai yi ba a duba shi ba.

Ƙofofi uku

Ruwa ba ya ratsa ƙarfe. Ta mahaɗa yake shiga, kuma agogo yana da mahaɗa uku: inda gilashi ya zauna, murfin baya, da ramin da maɓallin saiti ya bi ya shiga inji. Ingancin agogon nutso, in an taƙaita, yana wurin waɗannan ƙofofi da zoben robar da ke toshe kowacce, wato gaskit.

A zurfin mita 200 ruwa yana danna kowace murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 20. Gilashi mai faɗin santimita uku yana ɗauke da kusan kilo 140 ke nan, kamar a jibga masa buhun siminti uku. Shi ya sa gilashin agogon nutso yake da kauri, kuma ake matsa shi cikin gaskit da injin matsi, ba a liƙa shi da gam. Murfin bayan SKX007 ƙarfe ne zalla mai tiredi, ana ɗaure shi da abin ɗauri na musamman har ya matse gaskit ɗinsa. A kansa an zana igiyar ruwa, tambarin da Seiko ke sa wa agogunansa na nutso.

Maɓallin saiti shi ne ƙofa mafi rauni, domin ita kaɗai ce mai agogo ke buɗewa da hannunsa. Tun 1926 Rolex ya shahara da maganin wannan a agogonsa na Oyster: a yi wa maɓallin tiredi, ya ɗauru a jikin wani ɗan bututu da ke manne da agogon. Kafin ka saita lokaci sai ka kwance shi, idan ka gama ka danna ka ɗaure. SKX007 yana da wannan, kuma an kai maɓallin wajen ƙarfe huɗu maimakon ƙarfe uku, aka yi masa kafaɗu biyu na ƙarfe a gefe. A can ba ya sukar bayan hannu idan an lanƙwasa wuyan hannu, ba ya kuma saurin karo da abu.

A nan ne ake gane dalilin da ya sa tun 1953 aka fi son injin da ke wana kansa a agogon nutso. Agogon da ake yi wa wani da hannu, kullum sai an kwance maɓallin an murɗa an ɗaure, tiredi yana cinyewa, gaskit yana gogewa, kuma wata rana mutum zai manta bai ɗaure ba. Wanda ke wana kansa kuwa zai iya yin makonni ba a taɓa maɓallinsa ba.

Ba hanya ɗaya ake bi a toshe ƙofofin nan ba, kuma hanyar da Tarayyar Sobiyet ta bi tana da ban sha'awa. A 1967, a masana'antar agogo ta garin Chistopol, Mikhail Novikov da Vera Belova suka tsara Vostok Amphibia. Ba su da injinan da za su yanka ƙarfe da tsananin daidaito irin na Suwizalan, sai suka sa ruwan da kansa ya yi musu aikin. Gilashin roba ne mai kauri wanda matsi ke ɗan baje shi ya ƙara cika gurbinsa. Murfin baya kashi biyu ne, faranti da ke zaune a kan gaskit mai faɗi da kuma zobe mai tiredi da ke riƙe shi, don haka ɗauri ba ya murɗe robar, kuma duk ƙasan da aka ƙara yi ruwa yana ƙara danna farantin a kanta. Maɓallinsa idan an kwance lakaf-lakaf yake yi, wanda bai sani ba sai ya ce ya lalace, alhali da gangan aka yi shi haka don kada bugu ya lanƙwasa sandar da ke shiga inji.

Akwai kuma matsalar da SKX007 bai shiga ba sam, amma ya kamata mai saye ya sani don kada a sayar masa da abin da ba ya buƙata. Masu nutson da ke aikin bututun mai a teku mai zurfi sukan yi makonni a cikin ɗaki mai matsi suna shaƙar iska mai hiliyam. Ƙwayoyin hiliyam ƙanana ne ƙwarai, suna sulalewa ta gaskit su taru a cikin agogo. Idan aka zo rage matsi ba sa iya fita da sauri, sai gilashi ya yi tsalle ya fita. Rolex ya sa wa agogonsa na Sea-Dweller ɗan bawul a gefe wanda ke fitar da iskar. Seiko kuwa ya samu wasiƙar koke a 1968 daga wani mai nutso a garin Kure na yankin Hiroshima, injiniyansa Ikuo Tokunaga da abokan aikinsa suka yi shekara bakwai a kai, suka fito a 1975 da agogo mai mita 600, na ƙarfen taitaniyam, marar murfin baya, da gaskit mai siffar harafin L wanda ke hana hiliyam shiga tun farko. Wanda ba ya kwana a irin wancan ɗaki, bawul ɗin hiliyam a agogonsa ƙarin rami ne kawai.

Fuska

Fuskar ba ta da sheƙi, don kada ta mayar da haske ido. Alamar ƙarfe goma sha biyu ta bambanta da saura, gajeren hannu da dogo siffarsu ba ɗaya ba, ta yadda ko a ruwa mai laka ba za a rikita su ba. Sinadarin da ke haske a duhu, wanda Seiko ke kira LumiBrite, an lafta shi da yawa, kuma a nan agogon ya fi wasu da suka ninka shi kuɗi sau goma. A da radiyam ake amfani da shi, wanda ya halaka mata masu fentin fuskar agogo a Amurka a shekarun 1920, sannan aka koma tiritiyam mai raguwa da rabi duk shekara 12. Na yanzu ba shi da wannan guba, haske yake sha ya riƙe ya riƙa sakinsa.

Hannun sakan yana da ɗigo mai haske a wutsiyarsa. Amfaninsa mai nutso ya ga wani abu yana motsi a duhu, ya tabbata agogon bai tsaya ba. Agogon da ya tsaya ba a sani ba ya fi rashin agogo haɗari. Akwai tagar rana da kwanan wata a ƙarfe uku, kuma waɗanda aka yi wa kasuwar Gabas ta Tsakiya suna nuna ranar mako da Larabci.

Injin da ba ya gajiya, ba ya kuma cika alkawari

Injin da ke ciki sunansa 7S26. A bayansa akwai wani faranti mai nauyi, rabin da'ira, wanda ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa. Wannan lilo ne ake tarawa a cikin babban sifirin, shi kuma ya riƙa sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan ta cikin giyoyi zuwa balans, ƙaramar ƙafar da ke kai da komowa, tana bugawa sau shida a sakan, sau 21,600 a awa. Wani Bature ɗan Ingila, John Harwood, shi ya fara yin agogon hannu mai wana kansa a farkon shekarun 1920, Rolex ya kawo farantin da ke zagayawa gaba ɗaya a 1931.

Abin da Seiko ya ƙara, tun 1959, shi ne wata 'yar dabara da ya kira Magic Lever. Ƙarfe ne siriri mai yatsu biyu, sun rungumi wata ƙafa mai ƙananan haƙora, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan. Bakin yatsa ɗaya ƙugiya ce mai ja, na ɗayan mai turawa. Idan farantin ya juya, ko dama ko hagu, yatsun suna yin gaba da baya. A tafiyar gaba mai turawa ya tura haƙori, mai ja ya zame. A dawowa mai ja ya jawo, mai turawa ya zame. Ƙafar dai gefe ɗaya take tafiya kullum, kuma ko ɗan motsin hannu ba ya tafiya a banza. Kamfanonin Suwizalan da dama da jerin giyoyi suke yin wannan aiki. Ƙarancin kaya yana nufin ƙarancin abin lalacewa da sauƙin kuɗi.

Daga nan tsimin ya fara. Ba a iya yi wa 7S26 wani da hannu. Idan ya tsaya, sai ka riƙe shi ka girgiza a hankali har ya tashi. Idan ka ja maɓalli don saiti, hannun sakan ba ya tsayawa, saboda haka ba za ka iya daidaita shi da rediyo daram ba. Wasu sassan da ke juya kwanan wata na roba ne. Cikakken waninsa yana kai shi awa 40 da 'yan kai, wato idan ka ajiye shi daren Juma'a, kafin safiyar Litinin ya kwanta. Ba a kuma ɓata lokaci a masana'anta wajen daidaita gudunsa ba. Agogon Suwizalan mai takardar shaidar COSC, hukumar da ke gwada daidaiton agogo a ƙasar, ba ya wuce jinkirin sakan huɗu ko gudun sakan shida a rana, shi kuwa wannan abin da ka samu ka samu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma a duba lissafin: nutso ɗaya bai cika wuce awa guda ba, kuma agogon da ke gudun sakan 24 a rana sakan ɗaya tak zai ƙara a cikin wannan awar. Ga aikin da aka yi shi dominsa, wannan ba komai ba ne. Ga mai son ya kama jam'in asuba a kan minti kuwa, sai ya riƙa gyara shi duk mako.

Mai son daidaiton lokaci zalla, gaskiya ita ce agogon batir na 'yan kuɗi kaɗan ya fi duk wani mai sifirin. Masu nutso kansu tun daga shekarun 1980 suka fara komawa kwamfutar hannu, wadda ke auna zurfi da lokaci ta yi musu lissafin naitirojin nan take. Yau agogo a hannun mai nutso na ko-ta-kwana ne.

Sauran tsimin a waje yake. Sarƙar tana da sassan da aka naɗe daga fallen ƙarfe, mahaɗarta da jikin agogo holoƙo ce, shi ya sa take ƙara. Amma ƙananan sandunan da ke riƙe ta a jikin agogon sun fi na agogon gama-gari kauri, domin su ne idan suka tsinke agogo ya tafi ƙasan teku. Maɗaurin robar da ake sayar da shi da shi yana da tauri, sai dai yana da lanƙwasa-lanƙwasa kusa da agogon: rigar nutso tana motsewa a zurfi, lanƙwasar ke janye rarar don kada agogo ya riƙa yawo a hannu. Fatar zoben ta alminiyam ce, tana koɗewa, ba tangaran ba irin na agogunan tsada na yanzu.

Gilashin Hardlex ne, gilashin da Seiko ke ƙara wa tauri, ba safaya ba, wato gilashi mai tsananin tauri da ake sa wa agogunan tsada. Masu kare Seiko sukan ce safaya tana tarwatsewa idan ta sha bugu mai ƙarfi, Hardlex kuwa ya fi haƙuri. Akwai gaskiya a ciki, amma ina ganin kuɗi ne babban dalili. Kuma a ƙasarmu wannan tsimin ya fi fitowa fili. A ma'aunin tauri na Mohs safaya tana mataki na 9, yashi yana na 7, gilashi yana ƙasa da yashi. Wanda ya saba goge ƙurar hunturu daga fuskar agogo da bakin riga, a hankali yake karce ta.

Bayan 2019

Abin da Seiko ya maye gurbinsa da shi a wannan farashi shi ne sabon jerin Seiko 5 Sports, masu kama da shi sak a ido. An ba su inji mafi kyau, 4R36, mai karɓar wanin hannu, mai tsayar da sakan. An yi musu murfin baya na gilashi don a riƙa kallon injin. Sai aka cire tiredin maɓalli, aka rage su zuwa mita 100, rubutun DIVER'S ya ɓace. An dai juya kasafin ne: an kashe kuɗi inda ido ke gani da inda yatsa ke taɓawa. Ba zan ce kamfanin ya yi kuskure ba, ya san yawancin masu saye ba za su wuce wurin wanka ba. Amma mai saye ya san abu biyu ne daban. Masu son na nutso na gaske an tura su jerin Prospex, mai tsada.

Ga wanda ke Kano ko Zinder, nesa da teku, amfanin irin wannan agogo a wurin alwala yake, sau biyar a rana ba tare da cirewa ba, da ruwan damina a kan babur, da ƙurar da gaskit ke hanawa shiga inji. Abokan gabarsa a nan su ne zafi, da sabulu, da turaren da ake fesawa a wuyan hannu, duk suna busar da roba su sa ta tsage. Sai maganaɗisun lasifika da na murfin waya: idan agogo ya wayi gari yana gudun mintoci a rana, yawanci siririn sifirin balans ne ya kama maganaɗisu, zagayensa suka manne da juna, kuma mai gyara zai cire shi cikin 'yan sakanni da ƙaramar na'ura.

SKX007 yanzu sai na hannu ko ragowar shago, farashinsa ya tashi, jabunsa da waɗanda aka harhaɗa da kayan wasu kamfanoni sun cika kasuwa. Ko na gasken ne, mafi ƙuruciyarsu gaskit ɗinsa na 2019 ne. Idan mai gyara ya kwance murfin irin wannan agogo, sau da yawa zai tarar zoben robar da ya kamata ya kasance zagaye mai laushi ya baje, ya yi tauri, wani lokaci yana ɗaga shi da tsinke ya karye. Sabo ba shi da tsada, ana shafa masa man silikon a zaunar da shi a gurbinsa, a canza na maɓalli shi ma. Ba kowane mai gyara ke da na'urar gwajin matsi ba, saboda haka a tambaya kafin a miƙa agogo. Idan ba shi da ita, agogon da ya buɗe ya rufe a ɗauke shi na alwala da yayyafi, kada a shiga kogi da shi sai an gwada.